Libar da Yaya Ya Ajiye

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe ne, ranar wata Talata, a garejinmu na gindin ɗorawa, kan hanyar da ke gangarawa mayo, wato kogi. Waɗanda ke wurin su ne wana Yaya Lawal, da Tumba mai motar da ake gyarawa, da Buba mai faci wanda rumfarsa ke jikin tamu, sai direbobin manyan motoci biyu da ke zaune a benci suna jiran a gama da ƙarama a koma kan nasu. Ni na zo a ƙarshe, riƙe da gwangwanin man birki da sai da na zaga kasuwa kafin na samu. Na jera muku su ne don ku san abin ya faru a gaban idanu, ko da yake yau duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na saura.

Kun taso kuna jin ana cewa ni na kori wana daga garejin mahaifinmu. Wasu sun ce fili nake so, wasu sun ce Jimeta ce ta sa mini girman kai. Ban taɓa amsa wa kowa ba, har uwarku ta gaji da ce mini in buɗe baki. Yanzu hannuna ba ya iya riƙe sifana, numfashina ba ya kai ni masallaci sai na huta a hanya, na ga in ban rubuta ba za a binne ni da maganar. Zan bi abin daki-daki yadda ya faru. Wanda ya gaji ya ajiye ya huta, amma kada ya tsallake.

Kakanku ya zo Mubi daga ƙasar Zamfara yana saurayi, ya kafa gareji a gindin ɗorawar nan tun wurin yana gona. Dokokinsa uku ne, kuma da duka ya koya mana su. Ta farko, kowane kayan aiki a goge shi a mayar inda aka ɗauko. Ta biyu, mota ba ta fita daga gareji sai birkinta ya tabbata. Ta uku, a gaban mai mota bakin babba shi ne baki. In ƙarami ya ga kuskure ya haɗiye, a yi maganar a gida bayan an ci tuwo. Dalilinsa shi ne duk mai motar da ya ga makanikai biyu suna musu a kan motarsa, daga ranar ba zai ƙara yarda da ko ɗayansu ba. Yana da wata liba, ƙarfen banƙara, da maƙeri ya ƙera masa da sifirin na babbar mota, tsawonta ya kai hannun mutum, bakinta ya yi sumul don aiki. Da ciwon ajali ya kama shi, ita ya sa aka ɗauko ya miƙa wa Yaya. Bai yi wasiyyar gareji da baki ba. Kowa ya gane.

Ina so ku san wane ne Yaya Lawal kafin ku ji sauran. Shi ya goya ni lokacin da ƙyanda ta kusa kashe ni. Shi ya fara sa mini sifana a hannu. A aikin manyan motoci ban ga kamarsa ba daga nan har Yola. Yakan sa kunne a jikin inji ya gaya maka abin da ke ciwo, a kwance a tarar haka ne. Mutum ne mai dariya da yawa, mai kyauta, ba irina ba. Direbobi don shi suke zuwa. Shi ne kuma ya matsa a tura ni Jimeta wajen wani maigida in koyi ƙananan motoci, ya ce zamani na tafiya can, kada garejin Baba ya zama na tsofaffin akwala kawai.

Dole in yi muku bayanin birki, ko da yake ba wanda ya gaji sana'ar a cikinku. Tsofaffin motoci birkinsu na ganga ne, da takalma biyu a ciki. Sababbi kuwa faifai ne na ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da wani ƙarfe kamar muƙamuƙi da ya rungumi faifan, muna ce masa kalifa. A cikin kalifa akwai fistin, kamar ɗan kofi na ƙarfe. In direba ya taka birki, mai ya turo fistin, fistin ya matse fad a jikin faifai, mota ta tsaya. Fad yana cinyewa, fistin yana ƙara fitowa waje. Ranar da za a sa sabon fad mai kauri, ba zai shiga ba sai an mayar da fistin cikin raminsa. Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake ɓarna.

Ga yadda ake yi a ƙafar gaba. Da farko ka buɗe murfin kwanon mai, don man da za ka kora baya ya sami inda zai je, in ya kusa zuba ka rage. Sannan ka bar tsohon fad a wurinsa, domin shi zai kare fuskar fistin da robar da ke kewaye da shi. Sannan ka sa liba ko babbar sukundireba tsakanin tsohon fad da faifai, ka danna a hankali, a miƙe, ba fizga ba. Wasu kan ari matsin kafinta mai murɗawa, wasu su yi da babbar filaya. Yaya bai taɓa buƙatar ko ɗaya ba. Da libar Baba yake yi, hannunsa ya san nauyin da ya kamata, fistin ya koma kamar an roƙe shi. A ƙarshe, bayan an ɗaura komai, a tattaka birki har ya yi tauri kafin mota ta motsa. Duk wannan Yaya ya fi ni iyawa.

Amma irin salun ɗin nan ta Faransa da ta cika Gongola a lokacin, wasu daga cikinsu har ƙafar baya faifai ne, kuma fistin na baya ba irin na gaba ba ne. Birkin hannu a cikinsa yake. Akwai wata 'yar sanda ta ƙarfe mai ƙananan haƙora da ke riƙe fistin kada ya koma. Sai ka sa wani makulli na musamman a tsagar da ke fuskarsa, ka ɗan karkata shi, haƙoran su saki, ka tura shi ya shige ba da wani ƙarfi ba, sannan ka mayar da shi yadda yake. In ka danna shi bai karkata ba, ba zai tafi ba. In ka ƙara ƙarfi zai tafi, amma da haƙoran a karye. Da na dawo daga Jimeta na sa wani maƙeri a Mugulbu ya buga mini makullai biyu, na gyara bakinsu da magagari har suka zauna daidai. Na kuma bi doka, na yi wa Yaya bayani a gida, muna cin tuwo. Ya juya makullin a hannunsa ya yi dariya.

"Birki ne ko kwalbar turare, da sai an murɗa? Isiya, Jimeta ta mayar da kai mai gyaran agogo."

Duk gidan aka yi dariya, har Inna daga bakin ɗakinta. Ni ma na yi. Daga ranar, ba tare da an faɗa ba, ƙafar bayan irin motocin nan ni ake bar wa.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda aka rufe iyaka, kayan mota suka ɓace daga kasuwa. Abin da a da za ka aika a sayo, yanzu sai ka jira wata mota ta mutu a kwance ta. Tumba mutumin tsaunukan bayan Michika ne, tsohon soja, da abin da ya samu na sallama ya sayi salun ɗin, yana jigilar mutane tsakanin Mubi da Michika. Ba shi da wani abu a duniya sai ita da gonar ubansa a kan dutse. Ran nan ya zo da fad huɗu-huɗu da ya samo da ƙyar, yana sauri, don zai kai iyalinsa gida girbin dawa. Man birki ya ƙare mana, na tafi nema, na daɗe. Tumba ya yi ta duban rana. Yaya ya gama ƙafafun gaba tsaf, ya ga ban dawo ba, ya wuce baya.

Ina shigowa na gan shi durƙushe a ƙafar baya ta dama. Ya zura wa libar Baba fayif don ta ƙara tsawo, ya ɗora nauyinsa a kai. Ban kai ga ajiye gwangwanin ba na ji ƙarar. Ba babbar ƙara ba ce. Kamar an fasa gyaɗa da haƙori. Fistin ya shige. Yaya ya ɗago yana share gumi.

"Ka gani? Taurin kai ne kawai. Ba ƙarfen da ya taɓa gagarar libar nan."

Na ce masa ya huta in ƙarasa, ya ce in yi ta hagu shi zai ɗaura wannan. Na yi ta hagu da makullina, na zagayo kamar ina neman noti, na leƙa. Fistin ya shiga a karkace, robar ta tsuke a gefe ɗaya, ga ɗigon mai ya taru a ƙasanta. Yaya ya sa tsumma ya goge. Ina kallo ya sake taruwa. Na shiga mota na ja birkin hannu, na fito na taɓa tayar da ya ɗaura, tana kan jak. Ta juya kamar ba a ja komai ba. Na sunkuya kusa da kunnensa.

"Yaya, zo mu ga wani abu a bayan rumfa."

"In magana ce, akwai gida."

"Ba za ta jira gida ba, Yaya."

"Roba ce ba ta zauna ba, in ta ɗau zafi za ta zauna. Birkin hannu kuwa wa ke amfani da shi a ƙasar nan? Ga duwatsu ko'ina."

Ku lura, ba ha'inci yake yi ba. Abin da ya faɗa shi ya yarda da shi. A manyan motocinsa sau da yawa haka ne. Na juya wajen mai motar, na gwada wata hanyar. Na ce masa ya bar ta ta kwana, gobe da sassafe ya ɗauka.

"A'a, Malam Isiya," in ji Tumba. "Mata na da yara suna tasha da kaya tun safe. Dawa ba ya jiran mutum. Yau sai kan dutse."

Yaya ya sauke jak, ya shiga ya tattaka birki, ya yi tauri. Ya fito ya jefa wa Tumba makullin mota, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na san hanyar garinsu. Na taɓa zuwa ɗauko wata mota da ta lalace a can. Hawa ba abin tsoro ba ne, saukowa ce. Gangara ce mai kwana-kwana, ƙafar direba ba ta barin birki, kuma kowane taku ɗigo ɗaya ne zai fita. Man ba a garejinmu zai ƙare ba, ba kuma a kan kwalta ba. A gangara zai ƙare, da buhunan dawa a but da yara a kujerar baya, in ya kai hannu ga birkin hannu ya tarar rabinsa babu. Dokokin Baba biyu suka tsaya mini a gaba, ta biyu da ta uku, kuma ba yadda zan bi ɗaya ban taka ɗaya ba. Tumba ya buɗe ƙofa. Na ɗora hannuna a kanta.

"Motar nan ba za ta fita ba."

Buba ya bar famfonsa ya matso. Yaya ya dube ni. Tumba ya tambayi dalili, kuma tunda ya tambaya dole in nuna. Na mayar da jak, na ja birkin hannu, na juya tayar da yatsa ɗaya a gaban kowa. Na cire ta, na sa guntun takardar siminti a ƙarƙashin kalifa, na ce Tumba ya taka birki. Ɗigo ya faɗo. Ya sake takawa, wani ya faɗo. Na ce fistin ya karye a ciki, an danna shi ba a karkata ba. Buba ya yi salati. Ɗaya daga cikin direbobin nan ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce ashe dai kwalbar turaren ce. Ban san yadda maganar gidanmu ta kai kunnensa ba, sai dai Yaya da kansa ya saba ba da labarin don a yi dariya. Dariyar nan ita ta ƙarasa abin.

Yaya ya zare fayif daga liba. Ya goge ta da tsumma tun daga baki har gindi, yadda Baba ya koya mana, ya ajiye ta a kan benci a hankali. Ya wanke hannunsa da fetur da yashi, ya ɗauraye da ruwa, ya sa hularsa.

"Isiya, ga garejinka nan."

Bai ɗaga murya ba. Ya bi hanyar gida a ƙafa, ya bar kekensa jingine da ɗorawa.

Bayan magariba Inna ta aika a kira ni. A lokacin gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, matar Yaya da uwarku Hajara suna girki bi da bi. Na tarar da su biyun a bakin murhu, ba mai kallon wani. Inna tana kan tabarma da carbi. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, ɗan fari ne, Babba take ce masa.

"Isiyaku, ubanku ne ya kafa dokar nan ko ni?"

"Shi ne, Inna."

"To jira kake ya mutu ka karya?"

"Inna, shi ne kuma ya ce mota ba ta fita sai birki ya tabbata."

"Ni ban san birki ba. Na san bayan da ya goya ka. Yau a gaban mai faci da direbobi ka tuɓe masa riga. Tashi ka je ka durƙusa."

Na tashi na je. Ku rubuta wannan a zuciyarku, don masu ba da labarin suna tsallake shi: na durƙusa a ƙofar ɗakin wana, gwiwa biyu a ƙasa, yaransa suna kallo. Na ce na yi laifi da na yi magana a inda na yi, ya yafe mini. Ya yi magana daga ciki, bai ɗaga labule ba.

"Gobe a gindin ɗorawa, a gaban Buba da direbobi, ka ce da ma a karye abin ya zo. Shi ke nan, in ɗauki libata."

Na ce ya zaɓi wani abin. Na ce zan ɗauki asarar a kaina, ba zan ƙara tada maganar ba har abada, in ana yi a gabana zan tashi. Amma in ce a karye ya zo, na ɗora wa Tumba abin da bai yi ba ke nan, kuma gobe wata motar irinta za ta zo a sake sa mata liba.

"Shirun naka ya zo a makare," in ji shi.

Da na koma ɗaki uwarku ta kawo tuwo ta ajiye, ta zauna nesa da ni.

"Malam, kalma ɗaya ce fa. Mutane na faɗin abin da ya fi wannan a kasuwa kullum, su yi salla su kwanta."

"Ba zan iya ba, Hajara."

"To ka fara koyon cin tuwo kai kaɗai."

Gaskiya ta faɗa. Tun ina yaro kwano ɗaya muke ci da Yaya. Daga ranar ba mu ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba. Ya zauna a gida bai fita gareji ba. Liba tana kan benci, ni ban taɓa ta ba, da yamma in ɗauke ta da tsumma in sa a akwati, da safe in mayar inda ya ajiye ta, ko zai zo. Bai zo ba. Kafin wata ya ƙare aka raba tukunya. Ba a yi faɗa ba, matarsa ce kawai ta haɗa duwatsu uku a ɗaya gefen tsakar gida. Bayan haka wani direba abokinsa ya ce masa a Belel manyan motoci na kwana a bakin iyaka babu makanike na kirki. Ya kwashe iyalinsa ya tafi, da babban ɗansa Auwalu yana kuka yana riƙe da rigar uwarku. Ya yi sallama da kowa a unguwa. Ni ya ɗaga mini hannu daga cikin mota.

Bayan bikin salla Inna ta ɗaure kayanta za ta bi shi. Na tsaya a zaure na ce ina za ta da tsufa, hanya ba kyau, can ba asibiti.

"Kai kana da gareji," ta ce. "Shi ni kaɗai gare shi."

A Belel ta rasu, cikin damina. Saƙo ya zo a makare, hanya ta yanke, na isa an riga an rufe ta. Yaya ya karɓi gaisuwata, na karɓi tasa, muka zauna a tabarma ɗaya kwanakin zaman makoki, muna amsa wa mutane tare. Ba wanda ya ambaci birki.

Kada ku zaci wanda na tsare wa mota ya gode mini. Kalifa ta ƙafar baya ba ta samuwa a shekarar, na aika Yola, na aika Maiduguri, babu. Motar Tumba ta hau kan duwatsu a bayan rumfarmu wata da watanni. Iyalinsa a bayan babbar mota suka je girbi. Shi ya koma dako a tasha, tsohon soja da furfura. Wata rana ya zo ya tarar kajin Buba sun yi ƙwai a ƙarƙashinta. Ya tsaya yana kallo.

"Malam Isiya, da ka yi shiru, da na sa dutse a bayan taya kamar kowa. Yanzu mota na ya zama ɗakin kaji. Gaskiyar ka ya cinye ni."

Motar ba ta faɗa rami ba, domin ba ta fita ba. Ba gawa, ba jini, ba abin da zan nuna wa kowa in ce ga abin da na hana. Abin da mutane suka gani da idonsu shi ne gida ya rabe, mota ta zauna, direbobin manyan motoci sun koma wani gareji don ni ba Yaya ba ne. Wannan shi ya gajiyar da ni fiye da aikin kansa. Na sha auna wasu hanyoyin. Da na sace iskar taya, da na ɓoye makullin motar, da na bi Tumba tasha na gaya masa a can. Ta farko da ta biyu wasan yara ne, Yaya zai gane kafin in miƙe. Ta uku kuwa kai ƙarar wana ce a bayan idonsa, kuma a wurina ta fi muni. Har yau in aka mayar da ni bakin ƙofar motar nan, abin da na faɗa zan faɗa. Ba na jin daɗin haka. Ina dai gaya muku ne.

Wata rana da hantsi wata babbar mota daga Belel ta tsaya a bakin hanya, ba ta kashe inji ba. Direban ya miƙo wani ƙunshi a takardar siminti.

"An ce in ajiye a gindin ɗorawa."

"Wa ya ce?"

"An ce kada in tsaya surutu."

Na kwance. Kalifa ce ta baya, ta dama, kwance daga wata mota ta ƙetaren iyaka. An wanke ta, an shafa giris a kusoshinta, an naɗe bakin tiyon da tsumma an ɗaure da zare, ɗaurin da mutum biyu kawai suka koya a wurin Baba. Fistin ɗin yana waje, yadda aka ciro shi daga tsohuwar motar. Ba a taɓa shi ba. An bar mini. Na zauna a benci da ita a cinyata na daɗe, har Buba ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ran nan na ɗaura ta, na sa makulli na karkata, ya shige da babban yatsa. Tumba ya hau dutse da motar ya sauko shekaru masu yawa, har ta tsufa a hannunsa.

Da direban ya sake biyowa na ba shi ɗaya daga cikin makullaina biyu, na ce ya ajiye a inda ya ɗauko ƙunshin. Na so in haɗa da liba. Na ɗauko ta har bakin hanya, na mayar. Na ji tsoron ya ɗauka na aika masa da kayansa ne don kada ya dawo. Amsa ba ta zo ba. Muka ci gaba da gaisawa a wajen suna da mutuwa kamar surukai. Kowace shekara nakan ce bana zan kai masa da hannuna, kowace shekara aiki ya hana, ko in ce aiki ne ya hana. Da ya rasu na je Belel. A rumfarsa na ga makullin rataye a ƙusa cikin jerin sifanu, bakinsa ya yi fari fat don aiki. Auwalu ya gaishe ni da ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya. Shi labarin da ya taso da shi daban ne, kuma ban ga laifinsa ba.

To ga abin da nake roƙonku, kuma ina so a yi shi ina da rai. Libar tana ƙarƙashin gadona, naɗe cikin tsohon buhu. Ba tawa ba ce, ban taɓa danna ko fistin ɗaya da ita ba. Ku ɗauke ta ku kai wa Auwalu a Belel, ku gaya masa rabin filin gindin ɗorawa nasu ne, da ma nasu ne. Ku tafi dukanku, kada ku aika direba. Ku durƙusa ku gaishe shi, don wanku ne. Zai yiwu ya tara mutane, zai yiwu ya ba da labarin ranar nan yadda ya ji shi, ya ce ubanku ya kori ubansa. Kun karanta wannan, kun san yadda aka yi. Ba motar kowa a kan jak, ba yaran kowa a kujerar baya. Kada wanda ya gyara masa magana a gaban mutane. Ku haɗiye, ku ci tuwonsa, ku kawo mini sauran gida.